Lissafin Taku-Taku: Abin Da Kofin Shayi Da Tankin Ruwa Za Su Koya Wa Ɗalibin Fiziks



Akwai darasi guda da in aka ambaci sunansa a aji sai ka ga fuskoki sun sauya, wato wanda muke kira nimerikal, tare da ɗan uwansa similashin, kwaikwayon da ake sa kwamfuta ta yi na abin da ke faruwa a zahiri. Da yawa daga cikinmu sun ɗauke shi kwas ɗin da ake haddace fomula huɗu ko biyar, a juye su a takardar jarrabawa, a tsira ba kariyoba. Ni da nake ajin ƙarshe kuma nake tsakiyar aikin furojet, ina ganin asara ce babba a rabu da shi a haka, domin kaɗan ne cikin abin da aka koya mana za su bi mu har wajen neman abinci kamarsa. Shi ya sa na ce bari in ari wannan fili in warware shi da harshenmu, da misalan da nake gani kullum a unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi da kewayen Tarauni.

Inda fomula take tsayawa

Mu fara da lilon nan da kowa ya gwada a lab tun shekarar farko: ɗan ƙarfe ɗaure da zare, a ja shi gefe a sake, a ƙirga lokaci da agogo. Fomular da aka ba mu ta ce lokacin zuwa da dawowarsa ya dogara ne da tsawon zaren da ƙarfin jan ƙasa kawai. Amma ka tuna yadda ake ta jaddada mana kar mu ja shi da nisa? Dalilin shi ne fomular tana aiki ne in kusurwar ƙarama ce. In ka ja shi zuwa digiri 60, lokacin zai ɗara abin da fomular ta faɗa da kusan kashi 7 cikin ɗari. In ka kai 90, ƙarin ya kai kashi 18. Cikakken lissafin lilo ba ya warwaruwa da aljabara da kalkulas ɗin da muka saba.

Haka abin yake a ilektironiks. Haɗa batir da rizista da dayod a jere, ka nemi wutar da ke gudana. Za ka rubuta lissafin daidai, amma duk yadda ka juya shi ba za ka iya ware abin da kake nema shi kaɗai a gefe guda ba. Tambayoyin littafi an zaɓe su ne don suna da amsa tsaf. Na waje kuwa galibi ba su da ita. To a nan nimerikal yake shigowa. Dabararsa ɗaya ce: in ba za ka iya tsallaka tambaya da tsalle guda ba, ka yanka ta gunduwa-gunduwa, ka bi ta da ƙananan taku, kowane taku tarawa ne ko ɗebewa ko sau. Kwamfuta ba ta kawo wata hikima a ciki. Abin da take da shi shi ne ba ta gajiya da maimaici.

Kofin shayi

A ce mai shayin bakin Court Road ya zuba maka shayi mai zafin digiri 90 a ma'aunin salshiyos, iskar gari kuma tana 30. Dokar Newton ta hucewa ta ce gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin abu da na iska, gwargwadon saurin hucewarsa. Don misali, mu ɗauka kofin yana zubar da kashi 10 cikin ɗari na tazarar a kowane minti.

Minti na farko tazara 60 ce, kashi 10 ɗinta 6, shayi ya koma 84. Minti na biyu tazara 54, a cire 5.4, saura 78.6. Na uku tazara 48.6, a cire 4.86, saura 73.74. Ci gaba da haka har minti 10, za ka sami 50.9.

Abin da ka yi yanzu shi ne dabarar Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, wadda ta fito a littafinsa na 1768. Ka duba inda kake, ka duba saurin da abu yake sauyawa a daidai nan, ka yi kamar saurin ba zai canja ba na ɗan lokaci, ka taka gaba, ka sake dubawa. Shi ke nan fa. Duk alamomin nan da suke ba mu tsoro a allo, wannan suke faɗa.

Na zaɓi shayi ne saboda shi kam kalkulas yana da cikakkiyar amsarsa, wato 52.07, don haka za mu iya auna kuskurenmu. Mun sami 50.9, mun kauce da kimanin 1.15. Me ya jawo? A cikin kowane minti shayin yana ta rage saurin hucewa, mu kuma mun riƙe saurin farkon mintin har ƙarshensa. In ka rage takun zuwa rabin minti za ka sami 51.5, kuskuren ya koma kusan rabi. In ka mai da shi daƙiƙa 6, taku ɗari ke nan, za ka sami 51.96. Da hannu wannan wahala ce, a kwamfuta kuwa ƙiftawar ido.

Yanzu juya abin. Ka ce kai kana sauri, taku ɗaya mai minti 25 ya ishe ka. Lissafin zai cire 150 daga 90, ya ce maka shayin ya koma 60 ƙasa da sifili. Ƙanƙara ke nan, a Kano, a bakin titi! Taku na gaba kuma ya ce ya haura 165. Lambobin za su yi ta hauka suna ƙaruwa, kwamfuta kuma ba za ta ce maka uffan ba, za ta ma zana maka su da kala mai kyau. Sauri ya haifi nawa. A wannan misali duk takun da ya wuce minti 20 rushewa lissafin yake yi, kuma kowane similashin da aka gina da irin wannan dabara yana da tasa iyakar.

Saboda rage irin wannan kuskure ne Jamusawa biyu, Carl Runge a 1895 da Wilhelm Kutta a 1901, suka inganta dabarar. A tsarin da aka fi amfani da shi, ana leƙa saurin sau huɗu a cikin kowane taku kafin a taka. Da takun minti ɗaya ɗin nan, shi 52.07 zai ba ka kai tsaye. In ka raba takun biyu, kuskuren Euler raguwa yake da rabi, na Runge da Kutta kuwa sau 16.

Tankin ruwa

Wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ko Hotoro ko Unguwa Uku ya san lissafin ruwa ba wasa ba ne. Gida da burtsatse da tanki a sama, in wuta ta zo a yi maza a kunna famfo, in ba ta zo ba a tada janareta ko a kira ɗan ga-ruwa.

Ɗauki tanki mai lita 1,000, mai miƙaƙƙen jiki, tsayin ruwan mita ɗaya, da huda a gindinsa mai faɗin santimita ɗaya murabba'i, kamar farcen ɗan ƙaramin yatsa. Evangelista Torricelli, ɗan Italiya almajirin Galileo, ya nuna tun ƙarni na 17 cewa saurin fitar ruwa ya dogara da tsayin ruwan da ke saman hudar. A tsayin mita ɗaya ruwan yana fita da gudun mita 4.4 a daƙiƙa, kusan lita 27 a minti, ya ɗan ɗara jarka guda. Mai gaggawa zai raba 1,000 da 27 ya ce tankin zai ƙare cikin minti 37. Amsar lissafi minti 75 ce, ninki biyu, saboda ruwan yana raguwa ƙarfinsa yana raguwa. Rabin farko yana tafiya cikin minti 22, rabin ƙarshe sai ya ci 53.

Har nan fomula tana iyawa. To amma saka rayuwar gida a ciki. Da asuba ana alwala da wanka, da hantsi wanki, wuta ta zo ƙarfe biyu ta ɗauke ƙarfe uku da rabi, ranar Juma'a baƙi sun cika gida. Babu fomular da za ta ɗauki wannan. Lissafin taku-taku kuwa ko a jikinsa: kowane minti ka duba tsayin ruwa, ka ƙara abin da famfo ya zuba in akwai wuta, ka cire abin da aka ɗiba, ka wuce minti na gaba. Kwana guda taku 1,440 ne. Daga nan sai ka fara yi wa kwamfuta tambayoyin da suke da kuɗi a ciki. Tanki mai lita nawa zai ishi gidan nan? Minti nawa ya kamata janareta ya yi, kar a ƙona mai a banza? Wannan shi ne similashin: ka gina gidan a cikin lambobi, ka gwada shi sau ɗari kafin maigida ya kashe ko sisi.

Cire kalmar ruwa ka sa caji, ka sami batirin sola. Abin da faranti ya zuba da rana, abin da fanka da firji suka sha da dare, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke rage hasken. Wanda ya iya lissafin tanki ya iya na batir, kuma kowa ya ga yadda aikin sola ya buɗe a garin nan.

Akwai wani abu kuma da tankin yake koyarwa. In ka je ka huda tanki na gaske ka sa agogo, ba minti 75 za ka gani ba, zai kai wajen awa biyu. Ruwa yana tsukewa in zai fita ta huda mai kaifin baki, abin da ke fita kusan kashi 60 ne cikin ɗari na abin da dokar ta faɗa. Ka ga kuskure iri biyu ke nan. Na farko na taku ne, maganinsa a rage takun. Na biyu na zato ne, wato abin da ka gaya wa kwamfuta tun farko bai cika ba, kuma ko taku miliyan ka yi ba zai gyaru ba. Maganinsa bokiti da agogo. Shi ya sa lab da kwamfuta ba sa rabuwa.

Ciniki da jifa

Sauran dabarun ma duk mun san su, suna ne kawai ya bambanta. Ka shiga kasuwar Tarauni, mai kaya ya faɗi kuɗi sama, kai ka taya ƙasa, kun san gaskiyar tana tsakani, kuna ta matsowa har a ce sallama. Haka dabarar raba-biyu take. Nemi lambar da in ka yi ta sau kanta za ka sami 2. Ta fi 1, ba ta kai 2 ba. Gwada 1.5, ya ba da 2.25, ya yi yawa. Gwada 1.25, ya ba da 1.56, ya yi kaɗan. Gwada 1.375, ya ba da 1.89, da saura. Kowane gwaji yana yanke rabin filin da amsar take ɓuya, bayan gwaji 20 filin bai kai ɗaya cikin miliyan ba. Dabarar Newton da Raphson ta fi ta gudu nesa: daga 1.5 sai 1.4167, sai 1.414216, taku na uku ka riga ka wuce abin da kalkuletarka take iya nunawa. Sai dai ita in ka fara ta daga mummunan wuri tana iya ɓacewa, raba-biyu kuwa tafiyar kunkuru ce amma ba ta ɓata. Da ɗayansu ake warware lissafin dayod ɗin can.

Sai abin da ba shi da tsari, kamar isowar motoci da 'yan adaidaita sahu mahaɗar titi. Ba wanda ya san ko nawa za su iso a minti mai zuwa. A nan ana sa kwamfuta ta yi ta jefa ƙuri'a, ta ƙirƙiro isowar motoci sau dubbai, a ga tsawon layin da zai taru in danja ta ba da hannu na daƙiƙa 30, a sake gani in 60 ne. Duk wanda ya san cunkoson Titin Zariya kafin a yi gadar Dangi ya san tambayar tana da nauyi. Sunan dabarar Monte Carlo, Stanislaw Ulam da John von Neumann suka assasa ta a Los Alamos ta Amurka a shekarun 1940. Kana iya gwada ta a tsakar gida: zana murabba'i, ka zana da'irar da ta taɓa gefunansa huɗu, ka yi ta watsa tsakuwa ba tare da saiti ba. Kusan 78 zuwa 79 cikin kowace ɗari za su faɗa cikin da'irar. Kason nan sau 4 shi ne pi. Rauninta shi ne tsada: kafin ka ƙara lamba ɗaya sahihiya bayan ɗigo, sai ka ninka jifan sau ɗari.

Abin ya girmi kwamfuta

Kalmar algoridim kanta daga sunan Al-Khwarizmi ta fito, malamin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. A 1424 Jamshid al-Kashi a Samarkand ya lissafa ninkin pi har gurbi 16 bayan ɗigo, ta hanyar ɗaukar da'ira a matsayin siffa mai gefuna sama da miliyan 800, kuma da alƙalami ya yi. A ƙasarmu ma, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan ƙa'idojin cika gidajen lambobi ta yadda jimillarsu za ta zo daidai ta kowace fuska. Bin ƙa'ida mataki bayan mataki har a isa amsa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Baturen Ingila Lewis Fry Richardson shi ya fara gwada hasashen yanayi da wannan hanya, ya buga aikin a 1922. Ya shafe makonni yana lissafin awa shida kacal, amsar kuma ta fito da sauyin nauyin iska da ba a taɓa gani a duniya ba. Dabararsa daidai take, ma'aunan da ya fara da su ne suke da tangarɗa. Ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayi gudu. A 1950 kwamfutar ENIAC ta yi hasashen awa 24 cikin kusan awa 24. Hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa duk shekara, wanda manoma suke jira, jikan wannan aiki ne. Hoton CT da ake yi wa marasa lafiya a manyan asibitoci irin Asibitin Malam Aminu Kano da ke maƙwabtaka da mu, shi ma lissafi ne yake harhaɗa shi daga ma'aunai masu ɗimbin yawa.

Ɗan hakin da ka raina

Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2. Abin da za ta ba ka shi ne 0.30000000000000004. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma 0.1 ba ya rubutuwa cif a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu. Sai ta datse shi. Abin kamar ba komai, amma ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot a Dhahran ta Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga lokaci da ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an bar ta a kunne kusan awa 100, ɗan datsen nan ya taru ya kai daƙiƙa 0.34. A wannan ɗan lokaci makamin ya yi tafiyar sama da rabin kilomita.

Shi ya sa a 1962, kafin ɗan sama-jannati John Glenn ya tashi zagaya duniya, ya nemi Katherine Johnson, baƙar fata masaniyar lissafi a hukumar NASA, ta bi lambobin da kwamfuta ta fitar da hannunta tukuna. 'Yan uwana mata da ke ganin fannin nan na maza ne, ku riƙe sunanta.

Mu dawo gida. Mun san akwai shagunan da ake sayen furojet an gama shi, da zane-zane masu kyau da lambobi har gurbi takwas. Ranar difens malami ba ya buƙatar karanta shafi 60 kafin ya gane. Tambaya ɗaya ta isa: in aka ninka takun, me zai faru da zanen nan? Wanda ya taɓa sa shayi ya daskare a allonsa zai amsa yana murmushi. Wanda ya saya kuwa sai zufa. Kuma wannan mai sauƙi ne a kan ranar da mutum zai ba ka kuɗinsa ka auna masa batir, ka dogara da lambar da ba ka san inda ta fito ba.

Ta ina za ka fara?

Ba sai kana da laftof mai tsada ba. In wayarka tana buɗe Excel ko Google Sheets, rubuta 90 a gidan A1, a A2 ka rubuta =A1-0.1*(A1-30), ka ja shi ƙasa zuwa A11. Ka yi similashin ɗinka na farko. In Python kake so, kyauta ce, kuma manhajar Pydroid 3 tana gudanar da ita a wayar Android ko ba data bayan ka sauke ta. Layi huɗu ne:

zafi = 90
for minti in range(10):
    zafi = zafi - 0.1 * (zafi - 30)
print(zafi)

Mai son irin MATLAB ba tare da biyan kuɗi ba, ga GNU Octave. Mai son ya fara gani da ido, Jami'ar Colorado tana da tarin kwaikwayon fiziks na kyauta mai suna PhET, har da lilon namu.

Kowacce ka zaɓa, ka riƙe abu huɗu. Yi taku uku na farko da biro da kalkuleta, ka tabbatar kwamfuta ta ba da irinsu. Gwada shirinka a kan tambayar da ka riga ka san amsarta kafin ka kai shi inda ba ka sani ba. Raba takun biyu ka sake gudanarwa, in amsar ta motsa sosai to ba ka iso ba tukuna. Sannan ka tambayi hankalinka: tanki zai iya ɗaukar ruwa ƙasa da sifili? Batir zai ba da abin da ya fi wanda aka zuba masa?

A makon nan ku haɗu ku uku ko huɗu, ku nemi aron ma'aunin zafi, ku auna kofin shayi na gaske kowane minti har minti 15, ku nemo nasa kason, domin 10 ɗin nan tawa misali ce kawai. Ku sake gwadawa da kofin roba da na ƙarfe, da murfi da ba murfi, ku ga ko lissafinku zai faɗi abin da ma'auni zai nuna tun kafin ya nuna. Gani ya kori ji.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, Ya sa abin da muka koya ya amfane mu ya amfani al'umma. Amin.